Jarkokin da Milka Ba Ta Huda Ba

Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, Malama Milka Gershon ta yanke jiki ta faɗi a bakin ɗakin gwaji na makarantarmu da ke Kagoma, da alli a hannunta. Kafin motar da muka tare ta kai Kafanchan, rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce. Na ji abin da ya faɗa, amma har yau bai zauna min a kai ba. Da safen ranar fa, Milka, kika ƙwace min rabin ƙosaina a ofishin malamai, kika ce mai ya yi wa tsoho irina yawa. Ga ni nan zaune da tumbina ina rubutu, ke kuma kina ɗakin ajiye gawa.

Ni Andrawus, darasin addini nake koyarwa, ban san kimiyya ba. Ɗan abin da na sani ta taga na tsinta, don ajina yana jikin naki kuma muryarki ba ta san bango ba. Doya kike sa yara su kawo daga gida. Ki fafe ta kamar kofi, ki zuba gishiri a ramin, ki ajiye ta cikin kwanon ruwa. Kafin a kaɗa ƙararrawa ramin ya tara ruwa, alhali doyar ba ta da huji. Kusa da ita ga dafaffiya, nata ramin ko motsi babu. Sai ki ce musu jikin doya da jikin mutum duk ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kowace da tantanin da ya lulluɓe ta, kuma muddin tantanin yana da rai shi ke zaɓen abin da zai wuce. Ruwa yana ratsa shi ya nufi inda gishiri ya fi yawa. Gishiri da sukari sai an buɗe musu ƙofa. Amma abin da ke narkewa cikin mai ba ya ko sallama, domin tantanin kansa da kitse aka yi shi. Daga nan sai ki koma kan maganin feshin citta, ki hana su dama shi da hannu. Iyaye da yawa a bakin 'ya'yansu suka fara jin wannan magana.

Abin da ya fi jawo miki surutu kuwa jarka ce. Ruwan maganin da ake jiƙa matattun kwaɗi da macizai a ciki, da ragowar sinadaran gwaji, ba ki taɓa yarda a tuttule su a kwata ba. Kowane iri da jarkarsa, kowace jarka da jan fenti a hannu. Idan sun cika ki ɗora su a mota ki kai inda ake lalata irinsu a Kafanchan, ki dawo da jarkokin, ki ɗauki ƙusa da guduma ki huhhuda gindinsu. A garin da jarka ta fi kujera daraja! Mata suka sa miki suna Mai Ƙusa. Ni kaina na sha tsokanarki cewa ranar shari'a jarkoki ne za su fara kai ƙararki. Amsarki ɗaya ce kullum: roba tana shan abu, kuma wanki ba ya fito da abin da ta sha.

Ranar Litinin kika dawo da na ƙarshe, kika jera su a bayan ɗakin gwaji, kika ce hudawa sai gobe. Goben ta zo, amma ba ki kai ga ɗaukar guduma ba.

Kin san yadda muke makoki. Gida ya cika, rijiyoyi sun ƙafe, Zumuntar Mata ta coci ta bazu neman abin zuba ruwa da kunu. Wani ya tuna akwai jarkoki a makaranta, mai gadi ya buɗe musu da zuciya ɗaya, don ai na Malama ne, kuma hidimar Malama ce. Suka wanke da omo da toka, suka shanya a rana.

Ranar Juma'a ina zaune cikin maza a ƙarƙashin rumfa, aka fito da kunu da zafinsa. Mahaifiyarki, Mama Yemima, ba ta sa komai a baki ba tun Talata, sai aka fara cika mata kofi. Ɗanki Jason yana riƙe da nasa yana jira. A nan idona ya faɗa kan hannun jarkar. Jan fenti.

Ban san lokacin da na tsallake benci ba. Na kaɓe kofin daga hannun tsohuwa, ni da ban taɓa ɗaga mata murya ba. Waƙar da mata ke yi ta tsaya. Lucia, shugabar zumunta, ta riƙe min riga.

"Baba Andrawus, lafiya? Mun wanke shi fa, har so nawa. Ko wari babu."

Na zaro ƙusa daga jikin rumfa, na ɗauki dutse, na durƙusa na huda jarkar. Kunun da mata suka wuni suna damawa ya malale a tsakar gida, na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka ce baƙin ciki ya taɓa min kai. Mama Yemima ce ta yi magana, idonta a kan kunun.

"Ku bar shi. Haka yarinyan nan ya yi ma nawa jarka, na yi fushi har Kirsimati."

Sai a lokacin ta fashe da kukan da ta riƙe tun Talata. Babu wanda ya kai ga sha. Na gode wa Ubangiji.

Ubangiji Allah ya karɓe ki cikin hutunsa, Milka, ya gafarta miki kurakuranki saboda Yesu Almasihu. Ya ta'azantar da maigidanki Malam Levi, ya raya 'ya'yanki Jason da Faustina, ya riƙe Mama Yemima da ya kamata a ce ke za ki binne ta. Ya ba ɗalibanki da mu abokan aikinki haƙurin da ba mu da shi.

Saura magana ɗaya, ga duk wanda ya karanta wannan ko aka karanta masa. Da muka tattara jarkokin ni da mai gadi, ɗaya ba ta dawo ba. Tana wani gida a garin nan, wataƙila a gefen randa, yara suna tsiyayar ruwa. Babu wanda zai kira ka ɓarawo. Kafin ka zo jana'iza ranar Asabar, shiga ɗakin girkinka ka duba hannun jarkarka. In ka ga ja, kawo min ita. Ƙusar Milka da gudumarta suna wurina.