Ranar da Inna Ba Ta Yi Filashin Ba

Tun shekarar da masu bindiga suka shiga ƙauyen da ke gaba da namu, can bayan Dandume, muka yi yarjejeniya da Inna: kullum da safe za ta yi min filashin. Ba sai ta kira ba, ƙara ɗaya ta katse, na san an kwana lafiya. Da farko harkar ta yi. Daga baya filashin ya daina isata. In ya shigo sai in ce, wa ya sani ko wani ne ya riƙe wayar? Sai in kira. Ta ɗauka, in ji sanyi, kafin azahar gabana ya sake faɗuwa. Ranar da layi ya ƙi shiga kuwa, shi ke nan: ina zaune a lakca a kwalejin horon malamai amma idona gidanmu yake gani yana ci da wuta.

Abokin ɗakina ne ya gaji.

"Mutumina, ka hana tsohuwa sakat. Tashi mu je asibiti."

"Kai, ni mahaukaci ne?"

"Tukuna dai. Amma ka hau layi."

A asibiti a Funtuwa aka duba zuciyata, aka ce garau take, sannan aka tura ni wajen wata Hajiya mai zama da masu irin wannan damuwar. Na zaci allura za ta yi min, ashe hira ce. Ta ce sunan abin ciwon fargaba.

"Ɗana, tsoronka ba ƙarya ba ne, abin ya faru a yankinku. Kira ɗaya hankali ne. Sauran kiran, su ke ciyar da fargabar."

Ta sa na kife wayar a kan tebur. Wallahi ji na yi kamar an cire min hannu. Ta ce kar in kori tsoron, in ja numfashi, in sake shi a hankali, in bar tsoron ya hau, zai sauko da kansa. Ya sauko kuwa, amma sai da na jiƙe sharkaf. Haka muka yi ta yi mako-mako, tana ƙara min lokaci.

Sai aka tura ni gwajin koyarwa wata sakandare a Malumfashi. Sufabaiza, malamin da ke duba koyarwarmu ya ba da maki, sau ɗaya yake zuwa, kuma namu an san shi: ya ga waya a hannunka cikin aji, ka faɗi, sai baɗi.

Safiyar da zai zo, filashin bai shigo ba. Na yi kirana guda, a kashe. Yatsana na kan lambar zan sake dannawa na hango motarsa a bakin get. Na jefa wayar a durowar ofishin malamai, na ɗauki gwangwanayen da na ciko da laka da yashi da jar ƙasa, don darasin ire-iren ƙasar noma ne.

Na fara lafiya. Ina tsakiyar bayanin laka sai ga babura sun wuce ta bayan taga, a jere, da gudu. Alli ya suɓuce min. Kunnena ya toshe. Komai na jikina cewa yake, fita, ofis ɗin nan ne kusa, je ka duba. Sufabaiza ya ɗago kai.

Na dafa tebur. Na saki numfashi a hankali. Na ce, "Layin gaba, ku zo ku taɓa ƙasar nan, ku faɗa min wacce ke riƙe ruwa." Suna rububin gwangwani, ni ina tsaye ina jira abin ya sauko.

Wata yarinya ta ce, "Malam, gumi kake."

"Ke dai faɗa min, a wacce babanki ke shuka masara?"

Aji ya kwashe da dariya. Ƙirjina bai daina bugawa ba, amma bakina ya ci gaba da aiki har aka kaɗa ƙararrawa.

A waje Sufabaiza ya ce, "Muryarka ta yi rawa a tsakiya. Amma ka riƙe aji. Ka wuce."

Na durƙusa na yi godiya, yana juya baya na zura ofis da gudu. Har yanzu a kashe. Sai bayan la'asar na samu Inna, wai janaretan mai caji ne ya lalace, wayar tana shagonsa tun jiya.

"Lafiya dai ko?" ta ce.

"Inna, na haye! Wallahi na haye!"

Ihun da na yi sai da maigadin makarantar ya leƙo.