Malam Zabeirou, Mai Kai Tsofaffinmu Bakin Kogi

Kwana shida a mako Malam Zabeirou yana ɗaga kwalaye a wani sito da ke titin Wendover. Ran Lahadi kuwa, da ya kamata ya miƙe ƙafa, sai ya wanke tsohuwar motarsa mai kujera bakwai, ya jefa tabarma da buta a baya, ya bi gidajen 'yan Nijar mazauna birnin Greensboro, a nan ƙasar Turawa, yana kwasar tsofaffi. Kwarin kogin Yadkin yake kai su, su ga duwatsu da gonakin inabi da garuruwan dā. Shekara bakwai ke nan, ba wanda ya sa shi.

Mai shakka ya tambayi Hamsatou. Ta kawo mahaifiyarta, Hajiya Fourera, daga Gaya ta Nijar, tsohuwa ta yi wata takwas a ɗaki tana kallon bango. Abinci sai an roƙe ta, magana ba ta wuce "to". Hamsatou har ta fara tsoron kewar gida za ta kashe mata uwa.

Da ƙyar Zabeirou ya lallaɓo ta cikin mota. A hanya suka tsaya kallon wata gonar inabi, sai mai gonar, wata Baturiya mai fara'a, ta fito da ƙananan kofuna a faranti. Hajiya ta ɗauka ruwan baƙo ne, wanda a garinsu ba a mayar da shi. Ta yi bisimilla ta miƙa hannu. Ashe giya ce. Da ta kai baki, ko kuma da wani ya daka mata tsawa a gaban jama'a, da ta koma ɗakinta ke nan.

Zabeirou ya tare farantin yana murmushi.

"Hajiya, wannan na masu gida ne. Naki na tafe."

Ya raɗa wa Baturiyar magana. Ta dafe ƙirji, ta ruga ta kawo ruwan sanyi da inabi cike da kwando. Hajiya ta sha, ta sa mata albarka.

Da suka isa bakin kogi, ta cire takalmi ta yi alwala, ta daɗe a tsugune.

"Zabeirou, ashe ƙasar nan ma da kogi? Bai kai namu ba, amma ruwa ruwa ne."

Ranar ta ci abinci har da ƙari. Hamsatou ta juya baya ta yi kukan daɗi.

Malam Zabeirou, kai ne mai raba tsoho da kaɗaici, kai ne ka kare Hajiya ba tare da ka kunyata kowa ba. Yanzu da likita ya hana ka doguwar tuƙi saboda ido, mun gode, Allah ya saka maka da alheri.

Saura ku, masu motoci. Har gobe, duk Lahadi Hajiya Fourera takan yafa gyale tun da safe, ta zauna bakin ƙofa da butarta. Kada ku bar ta ta cire gyalen ba ta je ko'ina ba.