Malam Dabo da Ɗakin Haihuwar Ɗorawa

Duk birkilan da ya yi aiki a ƙauyukan arewacin Kano a shekarun da aka fito daga fari aka faɗa cikin tsadar kaya ya san ƙarar babur ɗin Malam Dabo. Salansarsa fasasshiya ce, tun yana bayan gonaki ake jin zuwansa. Nan take leburori su shiga ƙara siminti a kwaɓi, wani ya ruga ya watsa wa bulo ruwa don a ce ana shayar da shi.

Ɗan wani ƙauye ne kusa da Tsanyawa. Mahaifinsa magini ne na ƙasa, wanda ke barin kwaɓi ya kwana ya tsumu kafin ya mulmula tubali, kuma soron da ya ɗora wa azara har jikoki suke gada. Dabo ya taka ƙasa da ƙafarsa a bayan uban kafin a kai shi makarantar koyon sana'a a birni. Da ya dawo sai ya sami aiki a sashen ayyuka na wata ƙaramar hukuma, aka ba shi duba gine-gine. Kowane aji, kowane ɗakin shan magani ko rumfar kasuwa da hukuma ta bayar kwangila, sai ya gani ya yarda kafin a karɓa.

Ba mutum ba ne mai daɗin zama. Gajere ne, mai saurin fushi, in ya fara faɗa har jijiyar wuyansa take tashi. Matarsa Barira takan ce ko tuwo ne ya yi ruwa sai ya tsaya ya bincika wanda ya yi ha'inci. Amma a ce masa yaya? A shekarun nan buhun siminti ya zama abin da ake kulle wa ɗaki, kuma kowa ya koyi yadda zai sa buhu ɗaya ya yi aikin uku. Dabo zai ɗauki bulo ya saki daga tsayin ƙugunsa, ya tarwatse kamar ƙuli-ƙuli. Zai sa a tone gindin bango ya tarar harsashin ginin bai kai tsawon tafin hannu ba. Ya taɓa zuwa wata firamare ya iske an haƙa masai dab da rijiyar da yara ke sha, da ya yi magana ɗan kwangilar ya ce ai nan ne ƙasa ta fi laushi. Rufin kwano kuwa, da yawa ɗora shi kawai ake yi ba langa-langar da za ta ɗaure katako da bango, iskar farkon damina ta kwashe shi ta kai gonar wani, yara su koma gindin bishiya. Ya yi ta kai ƙara ofis. Wani lokaci a sa a gyara, galibi a ce masa an ji.

Ana cikin haka aka bayar da kwangilar ɗakin haihuwa a Ɗorawa, wani ƙauye da rafi ke yanke shi daga titi duk damina. Mata da yawa sun mutu a kan amalanke a hanyar asibiti, don haka mutanen garin suka ɗauki aikin tamkar nasu. Maza suka yi gayyar yashi, mata suka riƙa jido ruwa da tuluna ba ko sisi. Wanda ya sami kwangilar shi ne Alhaji Nababa, mijin Kulu, yayar Dabo uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goya shi.

Sau da dama Dabo ya shirya zuwa sai a tura shi wani gari. Ranar da ya samu ya je, an riga an kai gini sama, an yi zubin linta a kan ƙofofi da tagogi, har an fara shafe. Ya zagaya yana ƙwanƙwasa bango. Ya sa makullin babur ya kankari gefen lintar babbar ƙofa, yashi ya zubo masa a ƙafa.

Wata tsohuwa da ke zaune a inuwa tana kallonsa ta yafito shi. Inna Hure ce, ungozomar garin, wadda rabin mutanen Ɗorawa a hannunta suka faɗo.

"Ɗan nan, kai ne mai dubawar?"

"Ni ne, Inna."

"To ni ban san gini ba. Amma ranar da suka yi zubin can ina nan na kawo ruwa. Ƙarfen da aka sauke da safe, da yamma na ga an mayar da shi mota. Abin da suka jera a cikin katakon zubin, wallahi da shi nake dannin gidana."

Dabo ya tsaya yana kallonta. "Kara, Inna?"

"Karan dawa, da 'yan sandunan geza."

Daga nan bai zame ko'ina ba sai gidan Alhaji Nababa. Ya same shi a zaure da baƙi, bai jira sun tashi ba.

"Alhaji, ina rodin ɗakin haihuwa?"

Alhaji ya yi murmushi, ya ce wa baƙin ƙanin maiɗakinsa ne, haka yake. Sannan ya jawo shi gefe. "Malam Dabo, farashin da aka yi kwangilar nan da shi ya mutu tun kafin a haƙa harsashi. Na sama sun ɗebi nasu. In na sa rodi ko'ina, da me zan ciyar da yayarka? Ginin nan ba bene ba ne. Me zai same shi?"

"Linta ce ke ɗauke da bangon sama da rufi. A ƙarƙashinta mace za ta durƙusa."

"Allah ne ke tsarewa."

"Kar ka sa Allah a cikin satarka!"

Baƙin suka sunkuyar da kai. Alhaji ya ce ya fice masa daga gida.

Kwana biyu bayan haka Dabo ya dawo daga aiki ya tarar da Kulu zaune a tsakar gidansa, ga buhun shinkafa jingine da bango. A lokacin nan mutane layi suke kwana a kai don mudun shinkafa, kuma 'ya'yansa sun daɗe ba su ga wani abu ba sai tuwon dawa da miyar kuka ba mai. Suna ta zagaya buhun.

"Dabo," in ji Kulu, "ni na goya ka. Ban taɓa roƙonka komai ba. Ka sa hannu a karɓi aikin nan. In aka ƙwace kwangilar, a kaina zai huce."

"Yaya, da 'yarki ce za ta haihu a ɗakin fa?"

"'Yata ba a Ɗorawa take aure ba."

Maganar nan ta fi komai ƙona masa rai, don ya san ba halinta ba ne, tsoro ne ya sa ta faɗa. Ya ɗaura buhun a bayan babur ya mayar ƙofar gidan Alhaji ya jefar. Ranar nan sai da Barira ta juya masa baya sannan ta miƙo masa tuwo.

Ya je wurin injiniyan da ke shugabantar sashensu. Mutumin ya saurare shi yana wasa da biro.

"Ka ga karan da idonka?"

"Yallaɓai, a ba ni izini in fasa linta ɗaya a gani."

"Ka fasa ginin hukuma saboda maganar wata tsohuwa? Manya za su zo buɗewa ranar kasuwar sama. Kuma kowa ya san rigimar gida ce tsakaninka da surukinka. Daga gobe ka koma kula da garejin motoci."

A garejin ba abin da ke motsi sai ƙadangaru a kan matattun tifofi. Wani ma'aikaci da bai taɓa taka Ɗorawa ba ya sa hannu aka karɓi aikin. Aka shafa wa ginin farin fenti da shuɗi, ya yi kyau har mutane na zuwa kallo.

Ana gobe buɗewa, da hantsi, mutanen Ɗorawa suna share fili suna kafa rumfa sai suka ji ƙarar babur. Dabo ya sauka da babbar gudumar da ya ɗauko a gareji. Ya gaida mai gari.

"Ranka ya daɗe, ka sa a matsar da yara."

"Lafiya, Malam Dabo?"

"Yanzu za ka gani."

Ya jawo wata ganga ya hau, ya ɗaga guduma ya sauke a kan lintar babbar ƙofa. Bai sha wahala ba. Kankaren ya ɓare kamar busasshen tuwo, ga karan dawa jere a ciki har da ganyensa. Ya zaro guda ya ɗaga sama.

"Ga rodinku! Ga abin da matanku suka yi wa jidon ruwa! Ku zo ku taɓa, kar gobe a ce muku Dabo mahaukaci ne!"

Ya koma kan tagar ɗakin kwanciya ya fasa, nan ma haka. Bangon da ke sama ya tsage har rufi. Wata mata mai tsohon ciki ta fashe da kuka. Inna Hure ta karɓi karan daga hannunsa ta bi mata ɗaya bayan ɗaya tana nuna musu.

Kafin la'asar 'yan sanda sun zo sun tafi da shi. Laifinsa ɓarnata dukiyar hukuma. Ya yi kwanaki a tsare, sai da dattawan Ɗorawa suka yi ta sintiri kafin a sake shi, ya fito ya tarar an kore shi daga aiki. Ba wanda ya tambayi Alhaji Nababa komai. An dai ɗaga bikin, aka toshe inda ya fasa da siminti, aka sake fenti, manya suka zo suka yanke ƙyalle aka tafa.

Amma ba macen Ɗorawa da ta yarda ta shiga. Ma'aikaciyar jinyar da aka turo ta gaji da zama ita kaɗai, ta kwashe kayanta ta koma zauren Inna Hure, a nan suka riƙa karɓar haihuwa tare. A damina ta biyu, wata ranar Laraba da aka wuni ana ruwa, gaban ginin ya rufta. Tumakin mai gari ne kawai a ciki.

Da a nan abin ya tsaya, da Dabo ya sami abin da zai riƙe ya yi sanyi. Sai dai a shekarar da aka yi na Ɗorawa, Alhaji Nababa ya gina irinsa a Marken Gabas, can bayan rafi, kuma lokacin da aka karɓi wannan ginin, Dabo yana gareji. Mutanen can sun ji labari, amma an rantse musu cewa nasu daban ne. A ƙarshen wannan daminar bangon ɗakin kwanciya ya faɗo wa wata yarinya mai suna Sauda, haihuwarta ta fari, ita da jaririn da uwarta da ke zaune a gefen gado. Uwar Sauda ce kaɗai ta fita da rai, da karyayyen ƙugu.

Dabo ya je jana'iza. Bayan an dawo daga maƙabarta ya tsaya a kan ɓaraguzan, ya ga abin da ya san zai gani. Injiniyan ma ya zo ta'aziyya, yana gaya wa mutane ruwan bana ya yi yawa, ƙaddara ce. Sai da maza huɗu suka riƙe Dabo.

"Ƙaddara? Ƙaddara ce ta loda rodi a mota? Ka dube ni, Yallaɓai! Ka dube ni ka sake faɗa!"

An kafa kwamiti, kwamiti ya ɗora laifin a kan ruwan sama da taushin ƙasa.

Ba a mayar da shi aiki ba, shi ma bai nema ba. Ya koma gonar gado, gero da gyaɗa, da rani ya riƙa buga bulo a bakin titi. Bulonsa ya fi na kowa tsada, don haka cinikinsa kaɗan ne, kuma sai ya bi mai saye har gida ya ga yadda za a ɗora, su rabu da faɗa. Kulu ba ta sake taka gidansa ba sai da Barira ta kwanta ciwon ajali. Ta zo ta yi jinya, ta yi wa yara girki, ba wanda ya tayar da maganar a cikinsu.

Alhaji Nababa kuwa gaba ya yi ta yi. Da aka tashi faɗaɗa masallacin Juma'ar garinsu, shi aka ba shugabancin kwamitin gini, shi ya kawo ma'aikata, aka yi zubin sama mai faɗi da ginshiƙai sirara. Ranar da aka buɗe, Dabo ya shiga ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, ya fito ya shimfiɗa buzunsa a waje cikin rana. Liman ya aiko a ce masa akwai wuri a sahun gaba. Ya ce a gaya wa Liman ya gode, kuma in yana jin magana shi ma ya fito.

Har ya tsufa a nan yake sallar Juma'a, shi da 'ya'yansa maza da ya hana shiga. Wasu na cewa gaba ce kawai, wasu na dariya. Amma akwai 'yan tsirarun mutane, yawancinsu daga Ɗorawa da Marken Gabas, da in sun zo Juma'a garin sukan wuce ƙofar masallaci su je su yi sahu a bayansa.