Goggo Ta Gyara Min Dawakina

Jama'a, ku taya ni murna, yau gidana ya tsarkaka!

Kun san 'yan dawakina na katako da nake jerawa a kabad ɗin gilashi a falo, waɗanda ko matata ban yarda ta goge su ba. To, Goggo Hajara, ƙanwar mahaifina, ta zo mana ziyara daga Gusau. Ɗazu na dawo daga aiki na tarar da su a jere, kowanne a mazauninsa, amma babu mai kai ko ɗaya!

Na ce, "Goggo, me ya same su?"

Ta ce, "Taimakonka na yi, ɗan nan. Mala'iku ba sa shiga gidan da ke da gunki, amma in an cire kai shi ke nan. Zarton ma wajen kafintan layinku na aro."

Matata, sarkin tausayi, ta shige kicin tana wani tari mai kama da dariya.

Na ce, "Har da farin nan da na yi shekaru ina nema?"

"Ai shi ya fi ba ni wahala."

Sai ta miƙo min kwanon sha cike da kawuna. "Ungo, ban zubar ba. Ni ba na son ɓarna."