Ranar da goɗiya ta riga mu komawa gida

Shekarun baya, muna zaman jiran sakamakon jarrabawar gama sakandare, abokina ya zo mini da shawarar mu je mu kwana a daji. Mahaifinsa yana da gona can gaba da Kawo, kusa da kogi, kuma yana kiwon dawaki a gidansu da ke jikin namu a Unguwar Shanu: wani tsohon doki, da goɗiya mai ɗan dukushi. Su za su ɗaukar mana kaya. Ni da ko a tsakar gida ban taɓa kwana ba, na ce an gama.

Matsalar ita ce mahaifiyata. Ni kaɗai ne namiji a ɗakinta, kuma ba abin da take tsoro kamar ruwa. Sai da na sha magiya kafin ta yarda. Ta ce, "Ka je, amma ko ƙafarka kada ka sa a kogin nan. Ka ji ni ko?" Na ce, "Na ji, Inna."

Muka ɗora tamfol da tabarmi da tukunya da shinkafa da garin kwaki, muka kulle dukushin a gida don kada ya dame mu. Muna fita yana kuka, uwar tana ta waiwaye. Mu kuwa dariya ma abin ya ba mu.

Kogi dai ban je ba, Allah ne shaidata. Wani ɗan rafi ne a hanya da ko gwiwa bai kai ba, santsi ya kwashe ni, na faɗa tsamo-tsamo. Na sauya kaya, abokina yana ta ƙyaƙyata mini. Kwanan ma ba a cewa komai: shinkafa ta ƙone, sauro ya yi biki a jikinmu, goɗiya kuma ta kwana tana haƙa ƙasa da kofato.

Bayan sallar asuba muka ɗaure mata kaya, muka kwance mata dabaibayi. Rigata da wandona da takalmina ba su bushe ba, sai na ɗaure su a saman kayan don su sha iska. Muka juya mu kurɓi shayi. Muna waigowa, babu goɗiya!

Wallahi har bayan azahar muna karaɗe daji muna nemanta. Abokina sai faɗi yake, "Yau Baba zai kashe ni." A cikinmu babu wanda ya kawo a ransa cewa dabbar nan ta fi mu sanin hanyar gida.

Da la'asar muka shigo unguwa, muna jan tsohon doki, ni da silifas ɗin abokina. Tun daga bakin layi na hango tabarmi a ƙofar gidanmu, maza zaune jugum. Na ce, "Innalillahi, wa ya rasu?" Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta fito da kwano a hannu, muka haɗa ido. Ta saki kwanon, ta kurma ihu, ta koma ciki da gudun da ban san tana da shi ba.

Ashe ni ne. Tun da hantsi goɗiya ta iso ita kaɗai, laka har ƙirji, ga kayana jiƙaƙƙu da takalmina a bayanta. A wajen mutanenmu kuwa, doki ya dawo gida babu mai shi ba alheri ba ne. Tuni mahaifin abokina ya kwashi maza da masunta sun tafi bakin kogi, sai da aka tura mai babur ya dawo da su.

Na shiga ɗaki. Mahaifiyata tana zaune a ƙasa, rigar tana kan cinyarta. Ba ta yi ihu ba. Ta kama fuskata, ta shafa kaina, ta riƙe kunnuwana biyu kamar tana tantance ko ni ne. Muryarta ta dishe. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Na ce maka ban da ruwa." Ni da na shirya bayani, sai kuka ya ƙwace mini.

Da mahaifin abokina ya dawo, ya gama yi mana tatas, sai ya ɗauko bulala ya nufi goɗiya. Mahaifiyata ta ji hayaniya, ta yafa mayafi ta tsaya a zaure. Ta ce, "Malam, don girman Allah kada a taɓa ta. Ɗanta aka kulle mata a gida. Ni da na san hanya, da tun safe na bi."

Ya sauke bulalar.

Har yau idan na tuna tabarmin nan sai tsigar jikina ta tashi, don ba kowa ne yake ganin mutane sun taru dominsa yana tsaye da ƙafafunsa ba. Ban sake kwana a daji ba. Ita kuwa mahaifiyata, har aka sayar da goɗiyar nan ba ta daina aika mata da dusa da kanwa ba, kuma ni take ba in kai.