Baba Shettima Bai Faɗa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina buɗe shago a Fagge aka kira ni wai Baba Shettima ya rasu.

Ku da sunan Alhaji Gatari kuka san shi, mugun mai gidan hayan nan na wasan talabijin. Ni telansa ne. Babbar rigar da yake fizga idan zai watso kayan 'yan haya waje, ni na ɗinka ta.

Ko wanka ba a yi masa ba na buɗe waya, sai ga hotonsa ko'ina, da maganar nan a ƙasa: "Baƙo ko a Kano aka yanke masa cibiya ɗan haya ne, ran da na ga dama zan kore shi." Har da masu sa alamar kuka, wai sun yi rashin gwani.

Kai, ku ji tsoron Allah!

Bai faɗa ba. A cikin wasan bai faɗa ba, a waje bai faɗa ba. Wani mara aikin yi ne ya zauna da datar bashi ya ƙirƙira, ku kuma kuka yi ta turawa kamar an biya ku.

Ina wurin ake ɗaukar wasan, don ni ke kula da kayan sawa. Ba a rubuta musu magana, labari kawai ake ba su, kowa ya zuba tasa. Baba yana da sharaɗi ɗaya: zai yi zagi, zai yi mugunta, amma ba zai taɓa asalin kowa ba. Kuma da an ce a tsaya, sai ya tuɓe hular Gatari, ya bi duk wanda ya zaga a gaban kyamara ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Ka yafe ni." Har tsokanarsa muke yi, mu ce Baba ai wasa ne. Ya ce, "Wasa ne, amma da bakina ya fito."

Wannan mutumin kuka liƙa wa korar baƙi.

Mutumin da kakansa daga Barno ya zo. Mutumin da matarsa, Alhaja, Bayarabiya ce mai sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari. Shi kansa a gidan haya ya cika a Kwaciri, ko bulo ɗaya bai mallaka ba.

Lokacin da keken ɗinkina ya lalace ana gab da salla, shi ya ɗauko na 'yarsa a kafaɗa ya dire min a shago. Ko ruwa bai tsaya ya sha ba.

Ba yau maganar nan ta fara yawo ba, tun yana raye ku kun tura kun yi dariya kun wuce. Alhaja ce ta zauna a kasuwa maƙwabtan rumfa suna nuna mata waya. Yayanta, Alhaji Rasaki, wanda shi ya ba Baba aurenta, ya daina amsa masa sallama. Baba ya je har gida ya rantse, Alhaji Rasaki ya ce ga hoto ga magana, me kuma ya rage?

Mun nemo tsofaffin faya-fayan wasan, na sa aka ɗora a intanet don kowa ya duba da kansa. Wa ya kalla? Ba ku da datar wannan.

Ganina da Baba na ƙarshe, makon jiya ne. Ya zo a rage masa wando don ya rame. Yana zaune a benci ya ce min, "Tela, ba mutuwa nake tsoro ba. Tsorona ranar da za a ɗauke ni, Gatari mutane za su yi wa shaida, ba Shettima ba."

Na ce haba Baba, wa zai yi haka? Ashe ya fi ni sanin ku.

Ɗazu a ƙofar gidan rasuwar, Alhaji Rasaki ya zo ya tsaya can gefe, ya ƙi hawa tabarma. Da ya hango ni sai ya jawo ni ya ce, "Tela, kai kana wurin. Tsakaninka da Allah, ya faɗa?"

Na ce, "Wallahi Alhaji bai faɗa ba."

Dattijon nan ya sulale ya zauna a ƙasa da farar shaddarsa. Ya ce, "Ranar Juma'a ya miƙo min hannu a masallaci, na kau da kai." Yanzu haka yana ciki, shi ya roƙa a bar shi ya yi masa wanka.

Kai da ka fara rubuta maganar nan, ban san ka ba, kuma ni dai ban yafe maka ba. Ku da kuka tura, ku goge yanzu, kafin a kai shi. Kada wanda ya zo min komen da "ai raha ce".

Za a yi jana'iza bayan azahar a Kwaciri.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yi masa rahama, Ya sa can ta fi masa nan. Allah Ya ba Alhaja da 'ya'yansa haƙuri, Ya sanyaya zuciyar Alhaji Rasaki.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. Kuma ku kira sunansa daidai, Shettima ne.