Tambayar Mai Rumbu

Har yanzu in na lumshe ido da la'asar, nakan ga filin firamaren Batsari, an haɗa bencina an yi dandamali, rana tana zubo jan haske ta cikin ganyen darbejiya. A nan ake yin tsohon wasan nan na attajirin da ya ɓoye gero a shekarar yunwa. Yayana, Allah ya jiƙansa, shi ne attajirin. Yakan cusa matashin kai a riga ya yi tumbi, ya dafa rumbun kara, ya dube mu ya ce, "Jama'a, in buɗe ko in bari?" Daga nan ba ya motsi sai mun amsa. Wata rana muka yi masa shiru don tsokana, ya nemi wuri ya zauna yana cin goronsa.

Ban yi nisa a boko ba, kuma ni ba mai yawan fita ba ce, amma abin da kunnena ya ɗauka ba ya zubewa. Shi ya sa bara ɗan yayan nawa da ke Safana ya zo da abokansa da kyamara, wai za su mayar da wasan fim saboda yaran yanzu. Bai taɓa ganin ubansa a dandamali ba. Ina tsinkar zogale ina zayyana masa wasan, har da inda ake tari.

Suka mayar da rumbu sito, attajiri ya samu babur da wayoyi biyu. Duk ban damu ba, sai da ya ce za su cire tambayar.

"Gwaggo, a fim wa zai amsa? Bango?"

"To ubanka za ka cire ke nan," na ce. "Ba mu da hotonsa, ba mu da muryarsa. Tambayar nan kaɗai ta rage mana."

"Kin cika rigima, Gwaggo. Za mu gwada, in ta yi banbarakwai a yanke."

A Ruma suka so ɗauka, hanya ba ta da kyau, sai aka dawo tsakar gidana. Tsofaffin matan unguwa suka cika bayan zana. Aka roƙi kowa ya yi shiru. Wanda ya fito a attajiri ya dafa ƙofa ya yi tambayar, bai rufe baki ba tsofaffin suka ce, "Buɗe mana, marowaci." Aka sake, suka sake. Da aka yi musu magana, wata baƙuwa daga Karare ta ce, "Haba ɗan nan, mutum ya yi tambaya a ƙyale shi tsaye? Ba a yi mana wannan tarbiyyar ba."

Ɗan yayana ya sauke kyamara, ya daɗe yana kallon zanar.

"Gwaggo, haka ake yi wa Baba?"

"Har da jifa da ɓawon gyaɗa."

Bai yi dariya ba. Ya cire hula ya shafa fuska, sannan ya ce a sake, kowa ta amsa yadda ta ga dama.

Da fim ɗin ya fito, a wayar jikata na kalla. Ba a nuna mu ba. Attajiri ya tambaya, sai muryoyi suka taso daga inda ido ba ya gani, kamar iska ce ta kwaso su daga wani gari mai nisa. Na tsinci tawa a ciki, can ƙasa-ƙasa. Wallahi ban san ta tsufa haka ba.